Harsashin kamfani ga bindigar farauta mai liba: abin da ake dubawa a jikin kwali

Bindiga mai liba, wadda Faransawa ke kira carabine à levier de sous-garde, ita ce wadda yawancinmu muka fara gani a fina-finan kaboyi. Maharbi ya tura wani lanƙwasasshen ƙarfe da ke ƙarƙashin kunama ya dawo da shi, kwanson da aka harba ya yi tsalle ya fita, sabon harsashi ya shiga. Asalinta Amurka ce, kuma har yau a can ta fi yawa a hannun mafarautan barewa da aladen daji. Waɗanda suka fi shahara su ne Winchester samfurin 1894, wadda John Browning ya zana, da Marlin 336, wadda ta shigo kasuwa a 1948.

Harsashin kamfani shi ne wanda masana'anta ta haɗa ta rufe a kwali, saɓanin wanda wasu mafarautan Amurka ke ɗurawa da hannunsu a gida. Abubuwa huɗu ne a cikinsa: kwanso na tagulla, albarushi, ƙwayar da ke tashi, da wani ɗan maɓalli a tsakiyar gindin kwanson, wanda ke tayar da wuta idan aka buge shi. A nan za mu kira shi ƙyastu.

Bututun ƙasa shi ke yanke hukunci

A yawancin bindigogi masu liba, harsasai na kwance ne a cikin wani bututu da ke ƙarƙashin babban bututun harbi, a jere, bakin kowane ɗaya na tokare da gindin na gabansa, sifirin na danno su daga gaba. Wato tsinin na baya yana daidai kan ƙyastun na gaba. Idan aka harba, bindigar ta yi baya da ƙarfi, harsasan suna karo da juna. Ƙwaya mai tsini da tauri na iya aikin da allurar bindiga ke yi, ta tayar da harsashin da ke gabanta a cikin bututun da ba a ƙera shi don ya riƙe fashewa ba, kuma a daidai wurin hannun hagun maharbi yake.

Shi ya sa fiye da shekara ɗari kamfanoni ke yi wa waɗannan bindigogi ƙwaya mai baki shafaffe ko mai baki kewayayye na dalma mai laushi. Wannan ne abin dubawa na farko, kafin nauyi, kafin sunan kamfani, kafin farashi. Akwai kuma wani tsagi da ake yi a jikin ƙwayar, a matse bakin kwanso a cikinsa, don kada matsin sifirin da jijjigar harbi su tura ta ciki. Harsashin da ƙwayarsa ta nutse ya gajarce, ba a harba shi, domin matsin cikinsa na iya ƙaruwa.

Shafaffen baki yana da tsadarsa: iska na rage masa gudu da wuri, ƙwayar ta fara faɗuwa tun ba ta yi nisa ba. Wajen 2006 kamfanin Hornady ya fito da LEVERevolution, ƙwaya mai tsini amma tsinin na roba ne mai laushi, yana lotsawa idan ya tokari ƙyastu. Wannan an yi shi musamman don bututun ƙasa. Kada a ɗauka duk ƙwaya mai jan baki ko koren baki haka take. Yawancinsu robar mai tauri ce.

Ba kowace bindiga mai liba ke da wannan matsala ba. Savage 99 na da ma'ajiya mai juyawa, Winchester 1895 da Browning BLR kuma harsasansu na kan juna ne a cikin akwati, don haka suna ɗaukar ƙwaya mai tsini ba tare da haɗari ba.

Sunan da ke jikin bindiga

Ana buga sunan harsashi a jikin bututun harbi, kuma dole ya yi daidai da na kwali da na gindin kwanso. Mafi yaɗuwa shi ne .30-30 Winchester na 1895. Lambar farko faɗin ƙwaya ce a ma'aunin inci, ta biyu nauyin albarushin da aka fara zuba masa. Tsofaffin bindigogi na ɗauke da 30 WCF, kuma abu ɗaya ne.

Mai karanta kwali ko takardar kwastan da Faransanci sai ya kula a nan. A ma'aunin milimita ana rubuta .30-30 a matsayin 7,62×51 R. Akwai kuma 7,62×51 ba tare da R ba, wanda harsashin soja ne, ɗan'uwan .308 Winchester. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, amma ba su haɗa komai ba sai faɗin ƙwaya. R na nufin gindin kwanson yana da leɓe mai faɗi. Hukumar CIP, wadda ke tsara ƙa'idar gwajin bindigogi a Faransa da wasu ƙasashe, ta ƙayyade wa .30-30 matsin bar 3200, ta ba .308 bar 4150.

Wanda ya fi buƙatar hattara shi ne .45-70 Government. Sojan Amurka ne suka karɓe shi a 1873 don bindigar Springfield mai ɗaukar harsashi ɗaya, a zamanin baƙin albarushi. Saboda irin waɗannan tsofaffin bindigogi na nan har yanzu, manyan kamfanoni na ɗura shi da sauƙi. Amma wasu ƙanana, irin su Buffalo Bore, suna sayar da mai ƙarfi sosai don Marlin 1895 ta zamani da makamantanta, kuma suna rubuta a kwali bindigogin da za su iya ɗaukarsa. Kwanson iri ɗaya ne, zai shiga tsohuwar bindiga lafiya lau, kuma yana iya farfasa ta.

Akwai masu amfani da harsashin ƙaramar bindiga, .357 Magnum da .44 Magnum. A dogon bututu suna ƙara gudu, amma dai na kusa ne, wajen mita 100.

Nauyi da nisa

Ana auna ƙwaya da ma'aunin da ake rubutawa gr, kuma gr ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin goma sha biyar na giram ba. A .30-30 nauyi biyu ne aka saba da su. Mai 150, wato giram 9,7, yana fita da gudun kusan mita 730 a daƙiƙa. Mai 170, giram 11, kusan mita 670. Na Hornady 160 ne. Sai dai waɗannan alƙaluma daga bututun santimita 61 aka auna su, alhali yawancin bindigogin da ke hannun mutane santimita 51 ne, don haka gudun gaskiya bai kai na kwali ba.

Mafarautan Amurka sun daɗe suna gardama kan 150 da 170. A ganina gardamar ta fi bambancin girma. Mai sauƙin ya fi miƙewa kaɗan, mai nauyin ya fi ratsa ƙashi, kuma dukansu biyu sun isa ga dabba mai girman barewa a tsakanin mita 150. Abin da ya fi nauyi muhimmanci shi ne ƙwayar ta zama mai buɗewa idan ta shiga jiki, irin Core-Lokt na Remington ko Power-Point na Winchester. Ƙwayar da aka lulluɓe gaba ɗaya da ƙarfe huda kawai take yi ta wuce, dabbar ta gudu da rauni ta je ta mutu a wahale inda ba za a same ta ba. Akwai kuma ƙwayar jan ƙarfe zalla, wadda ta ƙara kasuwa tun da jihar Kalifoniya ta hana farauta da dalma kwata-kwata a 2019.

Bindigogi biyu samfuri ɗaya na iya bambanta wajen harsashin da suka fi daidaita da shi. Hanyar ganewa ita ce a gwada iri biyu ko uku a filin gwaji, bindiga a ɗore kan abin tokara, a ga wanda ramukansa suka fi haɗuwa wuri ɗaya kuma yake shiga ba tare da liba ta cije ba. A riƙa barin bututu ya huce, domin waɗannan bindigogi na watsa harbi idan suka yi zafi. Duk lokacin da aka canza iri ko nauyi, sai an sake saiti.

A ƙasashenmu waɗannan harsasai ba su da yawa, kuma mallakar bindiga da sayen harsashinta da farautar kanta duk sai da izinin hukuma, ga dabbobin da doka ta hana taɓawa gaba ɗaya. Wanda ya samu ta halastacciyar hanya sai ya kula da zafi: harsashin da ya wuni a rufaffiyar mota a watan Afrilu matsinsa na tashi. A ajiye shi a kwalinsa, a wuri mai sanyi mara laima, a kulle nesa da yara. Kwanson da ya yi koren tsatsa, ko ya tsage a wuya, a ware shi gefe.