Ramin Ƙarya Ƙurarre Ne

Idan muka waiwaya zuwa shekarar 1995, lokacin da aka buɗe injin binciken intanet na AltaVista a Amurka, za mu tarar injinan wancan zamani sun dogara ƙwarai ga yawan fitowar kalmar da mai nema ya rubuta. Da wasu marubuta suka gano lagonsu, sai suka shiga maimaita kalma guda barkatai, har suna ɓoye ta da farin rubutu a kan farin shafi. Shafinsu ya hau gaba, mai karatu kuwa ya tashi a tutar babu.

A 1998 Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google, wanda ke auna rubutu da yawan shafukan da suka yi nuni gare shi da kuma darajarsu. A 2011 kamfanin ya fito da gyaran Panda, wanda ya mayar da shafukan holoƙo baya.

Saboda haka, 'yan'uwa marubuta, mu sanya kalmar da mai karatu zai nema a kanun rubutunmu da farkonsa, sannan mu ba shi abin da ya zo nema. Injin yakan sauya hali, amma buƙatar mai karatu tana nan daram.