Cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira: wutar da suke ci da ruwan da suke sha

Cibiyar adana bayanai gini ne da ake jera dubban kwamfutoci a cikin dogayen akwatunan ƙarfe, suna aiki dare da rana. Duk wanda ya tura saƙo ta WhatsApp ko ya yi wa ChatGPT tambaya daga Tasawa, ko daga ƙaramar hukumar El Alasan Mairairai a yankin Mayahi, to buƙatarsa sai ta bi ta irin wannan gini, wanda galibi yake Turai ko Amurka. Tun da ƙirƙirarriyar basira ta bazu a duniya, abu biyu ne suka fi ci wa masu waɗannan cibiyoyi tuwo a ƙwarya: samun isasshiyar wutar lantarki da fitar da zafin da na'urorin ke haifarwa.

Wutar da suke ci

Hukumar makamashi ta duniya, IEA, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2024 cibiyoyin adana bayanai sun ci kusan kashi 1.5 cikin 100 na wutar da duniya ta yi amfani da ita, kuma tana hasashen adadin zai ninka har da ɗoriya nan da 2030. A cewarta, cibiya guda ta ƙirƙirarriyar basira na iya cin wutar gidaje dubu 100.

Dalilin yana cikin ƙwaƙwalwar na'urorin. Samfurin H100 na kamfanin Nvidia, guda ɗaya tak, yana jan wat 700, kuma dubbansu ake haɗawa wuri guda don horar da manhaja. Akwatin kwamfutoci na da bai cika wuce kilowat 10 ba, amma sababbin akwatunan Nvidia na kaiwa kilowat 120, tamkar a kunna dutsen guga 120 a bar su ba kashewa. Tashar sola ta Malbaza mai megawat 7 ba za ta ɗauki akwatuna 60 irin waɗannan ba, ko da rana tana tsaka.

Ƙasashe masu arziki ma abin ya fara yi musu nauyi. A Ireland, cibiyoyin sun cinye kashi 21 cikin 100 na wutar ƙasar a 2023. A Amurka kuwa, a watan Satumban 2024 kamfanin Microsoft ya ƙulla yarjejeniyar shekaru 20 don a sake tayar da wani sashe na tashar nukiliya ta Three Mile Island, ya riƙa sayen wutarta.

Yadda ake sanyaya su

Kusan duk wutar da ta shiga kwamfuta zafi take komawa. Idan ba a fitar da shi ba, na'urar za ta rage gudu ko ta mutu. Hanyoyi uku aka fi sani.

Ta farko ita ce iska mai sanyi, irin ta na'urar sanyaya ɗaki. Tana da sauƙi, sai dai ita ma wuta take ci. A tsofaffin cibiyoyi, sanyayawa kaɗai na lashe fiye da kashi 30 cikin 100 na wutar ginin, kuma iska ba ta iya wa sababbin akwatuna.

Ta biyu dabara ce da kowace mai randa ta sani: ruwan da ke tsattsafowa a jikin randa idan ya bi iska, sai ya tafi da zafi. Wannan hanya na rage cin wuta amma tana shan ruwa. A lissafi, fitar da zafin megawat ɗaya na yini da kwana ta wannan hanya na buƙatar kusan lita dubu 36, wato bido 1,440 masu cin lita 25. A garin The Dalles na Amurka, cibiyoyin Google sun sha fiye da rubu'in ruwan garin a 2021.

Ta uku ita ce tura ruwa ta cikin siraran bututu har kan ƙwaƙwalwar na'urar, ruwan yana zagayawa ba tare da an zubar ba. Ita manyan kamfanoni suka fi runguma yanzu. Tana da tsada, tana buƙatar ƙwararru, kuma duk da haka sai an nemi inda za a saki zafin a waje.

Halin da Nijar ke ciki

Ƙasashen arewacin Turai na samun sauƙi domin iskar waje ta ishe su yawancin shekara. A jihar Maraɗi, zafi na haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da jama'a suka fi buƙatar wuta kuma aka fi fama da ɗaukewarta. Ƙurar hunturu na toshe matatun iska tana kuma rufe allunan sola. Bushewar iska ta dace da dabarar randa, amma a yankin Mayahi, inda Gulbin Kaba ya daɗe da zama busasshen kwari, ruwa na can ƙasa a rijiyoyi masu zurfi, kuma mutane da dabbobi na jiran sa.

Ta fuskar wuta, kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da lantarki a ƙasar, a karkara kuwa abin bai kai haka ba. Maraɗi da Damagaram sun daɗe suna dogaro da layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa. Kafin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa. Da aka katse ta a watan Agustan wannan shekara, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, sai a watan Maris na 2024 ta dawo. Cibiyar bayanai kuwa ba ta jure ɗaukewar wuta ko ta daƙiƙa guda, shi ya sa ake girke mata batura da janaretoci masu shan gazuwal.

Tashar sola ta Gorou Banda da ke kusa da Yamai megawat 30 take bayarwa. Madatsar ruwa ta Kandaji, idan an kammala ta, megawat 130 aka tsara mata. Manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira kuma daga megawat 100 suke farawa, wato guda ɗaya na iya haɗiye kusan duk abin da ake jira daga Kandaji.

Abin da ke iya yiwuwa

Akwai bambanci tsakanin katafariyar cibiyar horar da manhaja da matsakaiciyar cibiyar da ke ajiye bayanan gwamnati, bankuna da asibitoci. Ta biyun ba ta fi ƙarfin ƙasashen yankin ba. A Kano, hukumar Galaxy Backbone ta gwamnatin Najeriya na da irinta tun farkon 2023. A Nijar, shirin shimfiɗa wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa mai ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya tallafa wa, ya ƙunshi fiye da kilomita 1,000 na waya da kuma cibiyar bayanai ta ƙasa a Yamai.

Amfanin ajiye bayanai a gida a fili yake: takardun ƴan ƙasa na zama ƙarƙashin dokar ƙasa, kuma ana rage kuɗin hayar da ake biya a waje. Sai dai kafin a aza harsashin kowace sabuwar cibiya, akwai tambayoyin da ya kamata hukumomi da mazauna wurin su nemi amsarsu: megawat nawa za ta ci, daga wace tasha, lita nawa na ruwa a rana, kuma idan wuta ta yi ƙaranci da bazara, wa za a fara yanke wa, cibiyar ko unguwannin gari.