Ladan Aiki a Arewacin Kano, Da da Yanzu

Wanda ya fita birnin Kano ta Ƙofar Mazugal ya nufi arewa, sai ya yi tafiya mai nisa bai ga daji ba. Gona ke bin gona, gida ke bin gida, tun daga Ungogo da Fanisau har Minjibir da Dawakin Tofa da Bichi da Dambatta. Jama'a ta yi yawa, ƙasa ta yi kaɗan, saboda haka ba a barin gona ta huta, sai dai a yi ta zuba mata taki, har da wanda jakuna kan ɗauko daga birni. A wuri irin wannan kusan kowa yana aiki ne ƙarƙashin wani ko kuwa tare da wani, kuma tun zamanin da ba kuɗi kaɗai a ke dubawa ba in za a kama aiki. Akan duba wanda zai ciyad da mutum ran da ya kwanta ciwo, da wanda zai yi masa aure, da wanda zai riƙe shi sa'ad da ƙarfinsa ya ƙare. A da wannan ihsani ne, daga zuciyar maigida ya ke fitowa. Yanzu ya zama hakki, a takarda ya ke. Amma ba kowa ne sunansa ya shiga takardar ba.

Gandu

Wurin aiki na farko shi ne gandu, watau babbar gonar da uba da 'ya'yansa, ko wa da ƙannensa, su ke nomawa tare. Ba a biyan ɗa lada don ya yi noma a gandun ubansa, amma akwai abubuwan da suka wajaba a kan maigida, kowa kuwa ya san su. Shi zai ba da iri da fartanya, shi zai ciyad da gida daga rumbu, shi zai biya harajin kowa, shi zai yi wa ɗa auren fari, ya kuma sayi ragon suna. Ban da wannan yakan yanka wa kowane ɗa gayauna, ƙaramar gona tasa ta kansa wadda zai noma da yamma bayan an tashi daga gandu, abin da ya samu a ciki kuwa nasa ne. Idan uba ya tsufa, gandun nan shi ke riƙe shi. Fanshon manomi ke nan tun ba a san sunan fansho ba.

Akwai kuma gandayen sarki da na manyan masu sarauta, waɗanda bayi ke nomawa. Fanisau na cikin shahararrunsu tun zamanin Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846. Su ma bayin gandu akan ba su abincin rana da gayauna, akan kuma yi musu aure. Waɗansu akan bar su su yi sana'arsu suna biyan ubangijinsu murgu, har mai ƙoƙari ya tara abin da zai fanshi kansa. Amma kada mai karatu ya ɗauka wannan alheri ne tsantsa. Bawan da ke ciyad da iyalinsa daga gayaunarsa ya rage wa ubangijinsa nauyi, wanda ya yi aure ya haihu kuwa da wuya ya gudu. Kome aka ba shi, ba shi da ikon ya ce ya bar aikin.

Masu sana'a da barori

Masu sana'ar ƙauye su ma rabin samunsu ba kuɗi ba ne. Maƙerin da ya yi ta gyara fartanya da damina yakan sami daminsa da kaka. Wanzamin gida yana da rabonsa na hatsi, da na nama ran suna. Malamin allo yana da kuɗin Laraba da zakkar hatsi, almajirai kuma su yi masa noma. Bafillacen da ya sauka da shanunsa a gonar wani da rani akan ba shi dawa ko gero saboda takin da shanun za su bari. Wanda ya kira gayya ba ya biyan kowa, amma tilas ya yi fura da tuwo isasshe, ran da aka kira shi kuma ya je.

A gidajen sarauta da na attajirai akwai barantaka. Bara ba shi da albashi. Ubangidansa ke ba shi ɗaki da abinci da rigar salla, in ya daɗe ya yi masa aure, in ya yarda da shi ya ba shi doki ko jari. In an aike shi da kyauta yana da tukuici. Hakimai a wancan zamani a birni su ke zaune, jakadunsu ke fita ƙauyuka karɓar kuɗin ƙasa, kowanne kuwa yana da abin da ya ke cirewa kafin saura ya isa gaba. Kyawun wannan tsari shi ne ubangida na kirki ba ya yar da baransa don ya tsufa. Aibinsa kuma shi ne babu alƙalin da bara zai kai ƙara in ubangida ya juya masa baya, ko aka tuɓe shi daga sarauta, ko ya mutu magada suka ƙi riƙon amana.

Zamanin En'e

Turawa suka ci Kano cikin watan Fabrairu na 1903. Tun kafin nan sun yi shela cewa duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta ɗungum ba sai 1936. A shekarun 1907 da 1908 Razdan Kagil, wanda a ke yi wa laƙabi da Mai Gunduma, ya yanka ƙasar gunduma gunduma, aka tura hakimai su zauna cikin talakawansu, aka kawad da jakadu. Da haka Dawakin Tofa ta zama mazaunin Madaki, Dambatta ta Sarkin Bai. Bichi kuwa nan Abdullahi Bayero ya yi hakimci yana Ciroma kafin ya zama Sarki a 1926.

Ba da daɗewa ba aka kafa Baitulmali. Haraji da kuɗin shari'a suka riƙa shiga can, aka yanka wa Sarki da hakimai da alƙalai albashi. Daga nan sababbin ma'aikata suka fito: malaman haraji, malaman makaranta, malaman asibiti, malaman gona, malaman daji da 'yan doka. Ihsanin da a da ke fitowa daga hannun ubangida sai ya koma cikin littafi. Ɗan doka yana da kayan sarki. Malamin da ke yawon rangadi yana da kuɗin kwana, ana kuma ba shi bashin keke a riƙa cirewa daga albashinsa wata wata. Aka shigo da hutun shekara, daga baya kuma da garatuti da fansho ga ma'aikata na dindindin. A nan ne aka fara raba ma'aikata gida biyu. Wanda sunansa ke cikin littafin albashi yana da waɗannan duka. Leburan hanya mai kuɗin yini ba shi da kome sai abin da aka ƙirga masa a hannu.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912. Attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka baza yaransu ƙauyuka da jari suna sayen gyaɗa, suna samun la'ada, tsakaninsu da maigida kuwa tsohuwar barantaka ce da sabuwar riga. Ma'aikatan reluwe su ne suka fi kowa gata a idon talaka, gama suna da gidajen kwana da asibiti da takardar shiga jirgi. Amma ba a kwance suka sami ƙari ba. A 1941 aka yi dokar biyan diyya ga wanda ya ji rauni wurin aiki. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya kawo tsadar kaya, aka ba ma'aikatan gwamnati kuɗin tsadar zama a 1942. Da abin bai isa ba, sai aka yi babban yajin aiki a 1945, wanda ya wuce kwana 40, sunan Maikel Imodu na reluwe ya game ƙasa, daga bisani aka ƙara kuɗin. Tun daga ran nan ma'aikata suka gane abin da aka rubuta ana iya neman ƙarinsa, ba kamar kyauta ba wadda sai godiya.

Bayan mulkin kai

A 1961 aka kafa asusun ajiya na ƙasa domin ma'aikatan kamfanoni, ma'aikaci ya zuba, kamfani ya zuba. Samarin Ungogo da Minjibir da ke hawa keke zuwa masana'antun Bompai suna cikin waɗanda abin ya shafa. Aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, aka kuma maye gurbin En'e da ƙananan hukumomi a 1976. Dokar ƙwadago ta 1974 ta ba ma'aikaci hutun kwana 6 na aiki da biya bayan ya cika wata 12, da kwana 12 na rashin lafiya, ta kuma ba mace hutun haihuwa na mako 12.

Shekarar da ta fi nuna bambancin gidajen nan biyu ita ce 1975. A farkonta aka biya ma'aikatan gwamnati ƙarin albashin Udoji tare da ariyas na watanni, kasuwa ta cika da masu sayen babur da rediyo, kome ya yi tsada. A cikinta kuma cuta ta faɗa wa gyaɗa, alhali manoma ba su gama farfaɗowa daga farin 1973 ba. Ma'aikaci ya sami Udoji, manomi ya sami tsadar Udoji. Samari da yawa suka bar gandu suka nufi birni. Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali bayan ya hau mulki a 1979, ya kuma ba da hutun ranar ma'aikata a 1980, shekara guda kafin Gwamnatin Tarayya ta yi haka. Talakawa sun yi murna ƙwarai da soke haraji, amma biyansa na ɗaya daga cikin igiyoyin da suka ɗaure ɗa da gandun ubansa. Gonaki kuwa sai ƙara tsukewa su ke yi wajen rabon gado, har ya zama uba da yawa ba shi da inda zai yanka wa ɗa gayauna.

Su ma masu takarda ba su tsira ba. Daga 1986 darajar naira ta faɗi, fanshon da a da ke riƙe gida ya koma bai isa cefane ba, masana'antu da yawa suka rufe, waɗansu suka koma ɗaukar ma'aikatan wucin gadi don gudun nauyi. A 2003 Gwamnatin Tarayya ta mai da gida da mota da sauran gatan ma'aikatanta kuɗi cikin albashi. A 2004 aka sake tsarin fansho ya zama na karo-karo, dokar 2014 kuma ta sa ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin 100, mai aiki ya zuba 10. Inshorar lafiya ta fara aiki a 2005. A 2024 aka kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma shafi aikin gona na damina ba.

Inda aka kwana

To, ga yadda al'amarin ya tsaya. Malamin makaranta a Bichi da ma'aikaciyar asibiti a Dambatta suna da hutu da fansho a rubuce, ko da biyan yakan yi jinkiri. Yaron kanti a kasuwar Dawanau yana nan kan tsohuwar hanya, abinci da kayan salla da fatan ran da maigida zai sallame shi da jari. Ɗan ƙwadagon gona kuwa yana da kuɗin yininsa da furar hantsi, shi ke nan. Shi ne ya fi kowa hasara cikin wannan tarihi, domin gandun da zai riƙe shi ya raunana, littafin albashi kuma bai san da shi ba. An buɗe ƙaramin fansho domin masu sana'ar kansu a 2019, amma a ƙauye adashi da kiwon tumaki da 'ya'ya na gari su ne dai abin dogara.

Saboda haka wanda Allah ya ba ilmin karatu, in zai kama aiki, ya nemi takardar sharaɗi ya karanta da kansa kafin ya sa hannu. Ya duba hutu, ya duba magani, ya duba diyya in ya ji rauni, ya duba abin da za a ba shi ran sallama. In aikin na baka ne, a faɗi sharaɗin gaban shaidu, a rubuta ko da a 'yar takarda ce, gama mantuwa da mutuwa ba su cin tawada da sauri kamar yadda su ke cin alkawari. Maigida kuma ya tuna mutanen da ba su san dokar ƙwadago ba, amma suna jin kunyar a ce wanda ya ƙare ƙarfinsa a gonarsu ya tsufa yana bara. Allah ya ba kowane mai aiki hakkin guminsa, amin.