Jirgin Ruwa A Tafin Hannu: Tarihin Wata Sana'a Da Darasinta Ga Birnin Zazzau

Mai karatu, yau za mu ɗan jingine ƙagaggun labarai mu leƙa tarihi. Duk wanda ya tashi a cikin ganuwar Zariya, ko ta Ƙofar Doka ko ta Ƙofar Gayan, ya san abin da yara kan yi da kaka idan an girbe dawa: a ɓare ɓawon kara, a yanka totuwa gunduwa-gunduwa, a soke wannan cikin wancan har a tayar da mota mai ƙofa da tayoyi. Manya kan ce wasan yara ne, kuma kafin damina ta faɗi an hura wuta da ita. To, a wasu ƙasashe akwai dattawa masu furfura da kan kwashe shekara biyu ko uku a kan irin wannan aiki, sai dai su da katako suke yi, kuma abin da suke ƙerawa shi ne ƙananan samfuran jiragen ruwa na da, masu tafiya da iska. Zariya ba ta da teku, Kubanni da Galma ne iyakarmu, amma tarihin wannan sana'a yana da abin da zai gaya mana.

Abin ya daɗe ƙwarai. A shekarar 1920 wani Ba'amurke mai haƙar kayan tarihi, Herbert Winlock, ya buɗe wani ɓoyayyen ɗaki a kabarin Meketre, babban bafaden Masar da ya rayu wajen shekara 4,000 da suka wuce, a kusa da garin da ake kira Luksor a yau. Ya tarar da ƙananan sassaƙe-sassaƙe na katako guda 24, kusan rabinsu jiragen ruwa ne, da matuƙansu da masu tuƙi da igiyoyinsu, har da jirgin da ake dafa wa maigida abinci. An raba su tsakanin gidan tarihi na Alƙahira da na Metropolitan a birnin Niyok. Yawancin jiragen gaske da suka yi zirga-zirga a Kogin Nilu a wancan zamani sun ruɓe tuntuni, amma daga waɗannan ƙanana masana suka ƙara fahimtar yadda ake kafa sandar jirgi da yadda ake ɗaure filafilai, wato manyan ƙyallayen da iska ke turawa.

A Ingila ne aka mayar da abin aikin awo da lissafi. Tun daga tsakiyar ƙarni na 17 magina jiragen yaƙin sarki suka riƙa yin samfuri na katako mai bin girman jirgin gaske daki-daki, galibi a kan ma'aunin 1 bisa 48. Ma'ana, duk ƙafa 48 a jirgin gaske ƙafa ɗaya ce a samfurin. Sau da yawa sukan bar ƙasan jirgin ba a rufe da alluna ba, don mai kallo ya ga haƙarƙarinsa. Da yawa daga cikin irin waɗannan suna ajiye a hannun gidan tarihin jiragen ruwa na Greenwich a Landan, kuma akwai jiragen da zanensu na takarda ya ɓace, samfurin kaɗai ya rage yana ba da shaidar yadda suke.

Mai sha'awar wannan aiki a yau hanyar magabatan yake bi. Da farko yakan nemi zanen jirgin, misali Victory, wanda aka jefa a ruwa a 1765, ya yi yaƙin Trafalgar a 1805, yana nan kuma a Portsmouth har gobe. Sai ya shimfiɗa ƙashin bayan jirgin, ya kafa haƙarƙari a kai, sannan ya yanka katako siri-siri kamar tsinken tsire mai faɗi, ya jiƙa shi a ruwan zafi don ya lanƙwasu ba tare da ya karye ba, ya manna ɗaya bayan ɗaya. Ana son itace mai laushin jijiya, wanda ba ya tsagewa idan an fere shi ƙarami. Wahalar ƙarshe ita ce igiya: zare ake shafa wa kakin zuma, kuma kowane sai ya tashi daga inda igiyar gaske ke tashi ya ƙare a inda take ƙarewa. Idan aka kuskure awon haƙarƙari ɗaya, duk allunan da za su hau kansa sai sun karkace. Shi ya sa aikin ba na mai gaggawa ba ne. Mai haƙuri ne kan dafa dutse.

Ba masu hali kaɗai suka yi ba. A lokacin yaƙe-yaƙen Ingila da Faransa, daga 1793 zuwa 1815, an tsare dubban sojoji da ma'aikatan jiragen Faransa a kurkuku irin Norman Cross, wanda aka buɗe a 1797, da Dartmoor, wanda aka buɗe a 1809. Waɗannan bayin Allah ba su da katako mai kyau, sai suka koma tara ƙasusuwan naman da ake ba su, su wanke, su goge, su sassaƙa jirage da su, su yi igiya da zare ko gashi, su sayar a kasuwar kurkuku don samun na ƙarin abinci. Mai karatu, ka ga kenan dabarar yaron da ya rasa katako ya ɗauki kara ba baƙuwa ba ce a duniya.

Amma samfurin da ya fi shafar mu shi ne na wani jirgin bayi mai suna Brookes, wanda aka ƙera a Libaful a 1781. Wata doka ta 1788 ta ƙayyade masa ɗaukar mutum 454, alhali kafin nan ya taɓa ɗaukar 609. Masu yaƙi da cinikin bayi, irin su Thomas Clarkson, suka sa aka zana cikinsa da mutane kwance jere kamar buhuna, kowane namiji an ba shi wuri mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa ɗaya da inci 4. Daga baya aka yi ƙaramin samfuri na katako, William Wilberforce ya kai shi majalisar dokoki ya nuna wa 'yan majalisa. Wanda ba ya son jin jawabi, dole idonsa ya gani. A 1807 Ingila ta haramta wa 'yan ƙasarta cinikin bayi ta teku. Ba samfurin kaɗai ya jawo haka ba, amma ya taka rawarsa, kuma an adana shi a gidan Wilberforce da ke garin Hull.

Kada mu ɗauka labarin wasu ne can. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 sun sa an kora Hausawa da yawa zuwa bakin teku, aka loda su a jirage irin wannan zuwa Bahiya ta ƙasar Burazil, inda suka shirya bore a 1807, suka kuma tayar da wani a 1814. Ita kanta Zazzau an san ta a ƙarni na 19 da kai hare-haren kama bayi a ƙasashen da ke kudancinta. Wanda ya dubi wannan ɗan katako, ya dubi ɗakin da wasu 'yan uwanmu suka kwana a ciki makonni, da kuma cinikin da hannunmu ma bai fita daga cikinsa ba.

To, mu dawo gida. Darasin dai shi ne, abin da aka auna aka kwaikwaya yakan daɗe fiye da na asali. Mu ba mu da jirage, amma muna da gine-gine. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Muhammadu Durugu, wato Babban Gwani, ya gina a shekarun 1830 zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ƙasa da azara aka tayar da bakan gizonsa. Wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya auna shi ya zana, aka kuma gina kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, wani sashe na masallacin ya rufta ana sallar La'asar, mutane suka rasu, Allah Ya jiƙansu. A ranar ne da yawa suka gane darajar wancan awo da baƙo ya yi.

Tambayar ita ce, ina awon sauran? Ganuwa tana zaizayewa, ana ɗibar ƙasarta, tsofaffin zauruka masu zane ana rushe su ana sa bulo da kwano. Ga kafintoci da masassaƙa cike da birni, ga ɗaliban sashen zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru waɗanda yin ƙaramin samfuri yana cikin karatunsu, ga kuma tsofaffin magina da suka san ɗaurin azara, waɗanda kullum raguwa suke yi. Da za a haɗa su, a auna kowace ƙofa da kowane tsohon zaure, a ƙera su da katako a kan ma'auni ɗaya, a ajiye inda 'yan makaranta za su gani, da an tsirar da ilimi mai yawa da kuɗi kaɗan. Yaron da ka gani yana soka totuwa kuwa, kada ka kore shi. Ka saya masa ma'auni, ka nuna masa Ƙofar Kuyambana ka ce ya gwada.

Allah Ya sa mu dace. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.