Zangon Lome, Ƙauyen Baƙi a Bakin Teku

Duk wanda ya shiga mota a Lome ya kama babbar hanyar arewa, wadda ta nufi Atakpame da Sokode, in ya yi tafiyar wajen kilomita 15 zai iso wata unguwa inda zai ji ana gaisuwa da Hausa, ana ciniki da Hausa, har yara ma da Hausa su ke wasa. Sunanta Zango, mutanen ƙasar kuwa suna cewa Zongo. Baƙo ya kan yi tsammani a nan ne kakannin mutanen suka sauka tun fil azal. Ba haka ba ne. Har shekarar 1977 Zango yana cikin birni, ɗan taƙi kaɗan daga babbar kasuwa. Yadda ya kafu, da yadda aka tashe shi, da abin da ya hana shi mutuwa, shi ne labarin da na ke so in ba ku, gama akwai abin koyo a ciki ga kowane mai jin Hausa da ke zaune nesa da garin ubansa.

Hanyar Gwanja

Kowane Bahaushe ya san ma'anar zango, watau wurin da ayari ya kan sauke kaya ya kwana, gari ya waye a ɗaura a yi gaba. Kakanninmu fatake sun bar zanguna barkatai a kan hanyar Gwanja. Ayari ya kan tashi daga Kano ko Sakkwato da rani, madugu yana shugabanta, jagaba yana gaba, a ƙetare Kwara, a bi ta Nikki da Jugu, waɗansu kuma ta Sansanin Mango da Yandi, har a kai Salaga. Tafiyar ta kan ci watanni. Jakuna suna ɗauke da kanwa, da riguna da rawuna na rinin Kano, da jar fata. In za a komo sai a cika mangaloli da goro, wanda a ke kawowa daga dazuzzukan Ashanti. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka yi suna a wannan fatauci. Ba kuwa za mu ɓoye ba, har 'yan Adam an sayar a kasuwar Salaga, wannan kuwa tabo ne da ba shi da wanki.

Abu biyu suka karya Salaga. Na fari, a 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, ikon Ashanti a kan ƙasashen arewa ya raunana, cinikin goro ya fara neman waɗansu hanyoyi, har da ta teku. Na biyu, a 1892 yaƙin basasa ya tashi tsakanin masu sarautar ƙasar, baƙin Salaga suka watse. Waɗansu suka nufi Kete Karaci a bakin kogin Volta, waɗansu Kumasi, waɗansu Ankara, waɗansu kuma suka gangara har Lome. Cikin waɗanda suka koma Kete Karaci akwai Imam Umaru, haifaffen Kano, babban malami mai alƙalami, wanda ya rasu a can a 1934. Shi ne ya rubuta wa Adam Mischlich labarun ƙasar Hausa da al'adunta. Mischlich kuwa da fari ma'aikacin Mishan ɗin Basel ne, daga baya ya shiga aikin mulkin Jamus, ya kuma buga ƙamus na Hausa a 1906.

Mafarin Lome

A lokacin da fatake ke kai da kawowa a hanyar Gwanja, Lome ba kome ba ce sai 'yan ƙauyukan mutanen Ewe tsakanin teku da tafki, kamar su Be da Amutibe. Abin da ya tashe ta shi ne kuɗin fito. Turawan Ingila sun karɓe Keta a 1874, suka ɗora haraji mai nauyi a kan kayan da jirage ke saukewa, a 1879 kuma suka kai iyakarsu har Aflao. Sai 'yan kasuwa suka matsa gabas kaɗan, suka kafa rumfunansu a kan yashin da ke bayan iyaka, inda ba mai karɓar kome. Inda ciniki ya buɗe kuwa Bahaushe ba ya makara. Tun cikin shekarun 1880 ayarinmu ya fara sauka a Lome, kafin ma rikicin Salaga ya ƙaro jama'a.

A watan Yuli 1884 Gustav Nachtigal ya ƙulla alkawari da wakilan sarkin garin Togo, ƙasar ta shiga hannun Jamus. Da Jamusawa suka kafa rundunar 'yan sanda a 1885, Hausawa ne suka fara ɗauka. A 1897 aka mai da Lome hedkwatar ƙasa. A 1904 aka gama doguwar gadar da ta shiga cikin teku domin sauke kayan jirage. Sa'an nan aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Aneho a 1905, zuwa Kpalime a 1907, zuwa wajen Atakpame a 1911. Kayan da dā jaki ke wahala da su wata da watanni, yanzu jirgi ya ke kwasa. Goron da a kan kai Kano ta tudu ya koma bin teku zuwa Ikko. Da haka masaukin kwana kaɗan ya zama wurin zama, aka yi aure, aka haifu, aka binne iyaye, amma sunan zango bai sake ba.

Mulki ya yi ta juyawa a kan mutanen nan. A watan Agusta 1914 Jamusawa suka fita, Turawan Ingila suka riƙe Lome har 1920, sa'an nan Faransawa suka karɓa, har ran 27 ga Afrilu 1960 da Togo ta sami mulkin kai a ƙarƙashin Sylvanus Olympio. Kuɗin ciniki ma haka, daga wuri zuwa kuɗin Jamus, zuwa sule, zuwa faran. A zamanin Turawa an gusar da Zango fiye da sau ɗaya, kullum a kan tura shi gefen gari, kullum kuma gari ya kan girma ya cim masa.

Zaman cikin Zango

Ko da ya ke Zango yana cikin birni, zamansa zaman ƙauye ne, kowa ya san kowa. Akwai Sarkin Zango, akwai limamai, akwai dattawan da a ke kai wa ƙara kafin magana ta kai ga hukuma. Ba Hausawa kaɗai ne a ciki ba. Akwai Zabarmawa da Dandawa, da Fulani, da Yarbawa, da Mosawa, da Kotokoli mutanen Sokode, da Cokosi mutanen Mango. Galibinsu Musulmi ne. Abin da ya ɗinke su wuri ɗaya shi ne harshen Hausa, gama kowa da yaren gidansu, amma in an fito ƙofar gida ko kasuwa da Hausa a ke magana. Sau da yawa mutanen kudu su kan kira duk ɗan Zango Bahaushe, ko da kakansa bai taɓa ganin ganuwar Kano ba.

Ginshiƙin unguwar shi ne maigida. Ku lura da yadda abin ya ke tafiya. Ga mutum ya koro shanu daga Nijar ko daga ƙasar da yanzu a ke kira Burkina Faso, ya iso Lome, bai san Ewe ba, bai san Faransanci ba, bai san mahauci ko ɗaya ba. Sai ya tambayi gidan wane, wanda aka ba shi sunansa tun daga gida. Maigida ya ba shi ɗaki, ya ba shi tuwo, ya ajiye masa kuɗinsa. Gari ya waye yaran maigida da dillalai su kai shanun kasuwa. Mahauta ba su cika biya nan take ba, su kan ɗauki sa bashi, sai sun yanka sun sayar su kawo kuɗi. To, wa zai tsaya wa baƙo? Maigida ne. Shi ya san mahaucin da ke biya da wanda ke gudu, in kuwa kuɗi ya maƙale, sunansa ne ya ɓaci har can arewa. A kan wannan ya ke samun la'adarsa. Cinikin goro ma haka ya ke, huhu ya tashi daga hannu zuwa hannu, kuɗi ya biyo baya, ba takarda, ba sa hannu, sai amana.

Yaron da ya zo da 'yar jakarsa kaɗai ya kan fara da aike da ɗaukar kaya a gidan maigida. In an ga hankalinsa sai a ba shi ɗan jari, in ya daɗe a yi masa aure, wani lokaci ma da 'yar gidan. Bayan shekaru shi ma ya buɗe zaurensa ya fara saukar da baƙi. Wani Bafaranse mai bincike, Michel Agier, ya zauna da 'yan kasuwar Zango ya buga littafi a kansu a 1983, abin da ya fi jan hankalinsa kuwa shi ne wannan, yadda ciniki da zumunci suka zama tsintsiya ɗaya. Mutum ba ya zama babba a Zango sabo da yawan kuɗi kaɗai, sai an duba yawan bakin da ke ci a gidansa, da yadda ya ke halartar suna da aure da jana'iza. Zumunta a ƙafa ta ke.

Mata kuwa, ko da ya ke da yawansu ba su cika fita ba, hannunsu ya kai ko'ina. Daga cikin gida su ke yin koko da ƙosai da waina da fura, yara su kai talla. Har abincin Zango ya zama abincin birni. Tsiren da mutanen bakin teku ke kira cincinga daga hannun mahautanmu ya fito, shinkafa da wake kuma da a ke kira wace a Gana da Togo, daga kalmarmu ta wake ta samo suna. Da safe da maraice kuma sai ka ji muryar yara a makarantun allo.

An gwada ƙarfin wannan tsari a ƙarshen 1969, sa'ad da gwamnatin Kofi Busia ta Gana ta ba baƙin da ba su da takardun zama umarni su fita. Dubban mutanen Nijeriya da Nijar suka kwararo ta iyakar Aflao, wadda ke manne da Lome, waɗansunsu ma a Gana aka haife su. Wanda bai san kowa ba a birnin, ya san abu ɗaya, watau ya tambayi hanyar Zango.

Tashin 1977

Bayan mulkin kai Lome ta yi ta bunƙasa, balle da aka buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a 1968. Zangon da dā ke gefen gari ya wayi gari a kan fili mai tsada ƙwarai. A 1977, a zamanin mulkin Janar Eyadema, hukuma ta rushe unguwar domin gyaran tsakiyar birni, aka nuna wa mutane sabon wuri can arewa, wajen Togblekope, bayan Agoe, kusa da kogin Zio. A filin da aka share daga baya manyan gine-gine suka tashi.

Ku auna nauyin wannan abu. Mai dako da ke zuwa kasuwa da ƙafa ya koma neman kuɗin mota kullum. Matar da ke sayar da waina ga ma'aikatan birni ta rabu da masu sayenta. Maƙwabtan shekara da shekaru suka rarrabu, gama ba kowa ne ya tafi sabon wurin ba, waɗansu sun kama haya a unguwannin da ke kusa da kasuwa. Tsofaffi suka bar zaurukan da iyayensu suka zauna a ciki. Mai kallo daga nesa zai ce Zango ya ƙare.

Amma bai ƙare ba. Abin da aka rushe bango ne da kwano. Sunan maigida, da amanar da ke tsakaninsa da fatake, da harshen da a ke gaisawa da shi, duk sun bi mutane zuwa sabon wuri. Aka sake gina gidaje da masallatai da makarantu, baƙi suka ci gaba da sauka. Yau birni ya sake cim musu kamar yadda ya saba, gama ƙidayar 2022 ta nuna Lome da kewayenta sun haura mutum miliyan 2, wurin da dā a ke gani kamar daji ya zama unguwa cike da jama'a.

Abin da ya rage gare mu

'Yan'uwa, Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Raɓar da ta sauka a Lome ta haura shekara 140 ba ta bushe ba, dalili kuwa shi ne kowane baƙon da aka buɗe wa ƙofa ya riƙe abin a ransa, ya buɗe wa na bayansa. Da yawa daga cikinmu mun san zafin baƙunci, mun san abin da a ke ji sa'ad da mutum ya rasa ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Sabo da haka kada mu raina wannan gado don yawancin masu riƙe da shi ba hanyarmu ɗaya da su ba. Harshenmu ɗaya, kakanninmu sun bi turba ɗaya, sun sha ruwa a rijiya ɗaya. Wanda ke da ɗaki ya tuna da baƙo. Wanda aka ba amana ya mayar da ita cif.

Akwai kuma aikin da ba ya jira. Wanda ya ke da shekara 20 sa'ad da aka tashi tsohon Zango, yanzu ya doshi 70. Su ne kaɗai suka san inda gidan wane ya ke, da inda rijiya ta ke, da wanda ya sauki wane. Mu da Allah ya ba ikon karatu da rubutu da Hausa, sai mu je mu durƙusa mu gaishe su, mu ce, Baba, ba mu labarin tsohon Zango, Inna, faɗa mana yadda kuka kwashe kaya. Abin da suka faɗa mu rubuta shi yadda suka faɗa, mu karanta musu su gyara, sa'an nan mu ajiye domin 'ya'yansu da namu. Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Amin.