Baƙo da Mai Masauki a Tarihin Ƙasar Gaya

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu wani ɗan abu ne da ya faru a hutun da ya wuce. Na je gida, wani ƙauye a ƙasar Ajingi, tare da wani abokina haifaffen birni. Muka tarar da kakana a zaure, sai abokin nan ya miƙa masa hannu daga tsaye, da takalmi a ƙafarsa. Da aka kawo fura kuma ya ce a ƙoshe yake. Tsoho bai ce uffan ba, sai da dare ya kira ni ya ce, "Kai ɗan nan, me muka yi wa baƙon naka yake fushi da mu?" Kunya ta kama ni, domin laifin nawa ne da ban faɗa masa komai ba tun a hanya. Daga nan na shiga bin diddigin al'adar.

Da farko dai, Gaya tsohon gari ne wanda tarihinsa ke cike da zuwa da tafiya. Ruwayar baka ta nuna cewa maƙeran Gaya ne suka je gindin dutsen Dala neman tama, suka zauna, kuma zuriyarsu ake kira Abagayawa. Wato ke nan mutanenmu sun taɓa zama baƙi a Kano. Haka kuma littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya buga fassararsa da Turanci a 1908, ya ambaci zuwan Agalfati, ɗan Sarkin Machina, a zamanin Sarkin Kano Yakubu (1452 zuwa 1463), kuma ya kira shi Sarkin Gaya. Ga mutum daga gabas ya zama mai gari. Garin da ya ga irin wannan dole ya san darajar wanda ya yi sallama a ƙofarsa.

To, yaya ake karɓar baƙo a da? Kakana ya ce kowane baƙo da irin masaukinsa. Malami ko almajiri masallaci yake nufa, ko zauren liman, maƙwabta su yi ta aiko da akushi. Falke kuwa zango yake sauka, ko gidan fatoma. Fatoma shi zai ajiye masa kaya, ya nemo masu saye, ya tsaya masa a ciniki, a ba shi la'ada. Amma kafin duk wannan sai ya sanar da mai unguwa cewa ya yi baƙo, mai unguwa ya kai wa dagaci. Dalili kuwa a fili yake. In baƙo ya yi ɓarna, mai masaukinsa za a kama. In kuma an cuci baƙo, mai masaukin ne zai tsaya masa a gaban alƙali. Saboda haka baƙunci amana ce ta mutum biyu, kowa da nasa nauyin.

Nauyin baƙo shi ne ya san iyakarsa. Ya tsaya a ƙofa ya yi sallama, in ya yi sau uku ba a amsa ba ya koma, kamar yadda addini ya koyar. Ya cire takalmi, ya durƙusa wa babba, kada ya riga shi miƙa hannu. Namiji baligi ba ya wuce zaure sai mai gida ya ce ya shigo. Abin da aka kawo masa, ruwa ne ko fura, ya taɓa ko da kurɓi ɗaya ne, domin ƙin sha alama ce ta ƙyama ko zargi. Ga inda abokina ya yi tuntuɓe. Daɗin daɗawa, ya riƙo 'yar tsaraba, ko goro ne, kuma kada ya daɗe har a gaji da shi, shi ya sa ake cewa baƙo raɓa ne.

Shi kuma mai gida ba ya tambayar abin da ke tafe da mutum sai ya sha ruwa ya huta. Liyafar kwana uku hakkin baƙo ce a Musulunci. Ran tafiya a ba shi guzuri, a yi masa rakiya har bakin gari. Hausawa suka ce baƙonka annabinka. Na karanta cewa mutanen Girka na da, har da mazauna tsibiransu, kalma ɗaya gare su ta wanda ba a sani ba da wanda aka saukar, kamar dai yadda "baƙo" take a wurinmu.

Sai dai fa tarihi bai ɓoye ranar da aka ci wannan amana ba. A zamanin Sarkin Kano Dadi (1670 zuwa 1703), Sarkin Gaya Farin Dutse ya yi tawaye, ya hana haraji shekara uku. Tarihin Kano ya ce Sarki ya yaudare shi da kiran ganawa, da ya zo aka kashe shi. Tawaye laifi ne a idon sarauta, wannan gaskiya ne, amma ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutum ya amsa kira ya zo da ƙafarsa, a mai da zaman gaisuwa tarko. Kuma ku duba ikon Allah: 'yar Farin Dutse, Mariyama, ita ta haifi Muhammadu Sharefa wanda ya gaji Dadi a 1703, a zamaninsa kuwa mutanen Gaya suka sami faɗa a ji ƙwarai a Kano.

Yau fa? Gidaje da yawa ana gina su ba zaure. Mai zuwa ya tsaya a waje ya buga waya maimakon sallama. Mutum ya ba da hayar ɗaki mai unguwa bai sani ba, sai an yi sata a fara zargin duk wata baƙuwar fuska. Tsarin da na bayyana a sama yana kare gari, yana kuma kare baƙon kirki daga irin wannan zargi.

Daga ƙarshe, ina roƙon 'yan wannan ƙungiya, duk wanda ya je hutu ya zauna da tsofaffin garinsu ya rubuto mana yadda suke yi. Wanda kuma zai kai aboki gida ya yi masa bayani tun a mota. Abokin nawa dai washegari ya cire takalmi, ya durƙusa, ya shanye furar tas, kakana ya sa aka kama masa zakara. Allah ya sa mu dace, amin.