Muhammadu Bello: suna ɗaya, da sarki mai rubuta littattafan magani, da alƙalai, da likitan dabbobi

Wanda ya rubuta "Muhammadu Bello" a intanet zai ga hoton alƙali sanye da rigar kotu, da hubbaren wani sarki a Wurno, da ministoci fiye da ɗaya, duk a shafi guda. Mutane ne daban-daban, kuma tsakanin haihuwar na farkonsu da ta na bayansu akwai shekaru sama da 180. Ɗalibai da ƴan jarida kan haɗa tarihin wannan da na wancan, musamman idan ana juya labari daga Ingilishi zuwa Faransanci ko Larabci. Ga bayanin fitattun masu wannan suna, da sana'ar kowannensu, da abin da ke rarrabe su.

Asalin sunan

Bello kalma ce ta Fulatanci, ma'anarta mataimaki. A ƙasar Hausa akan raɗa wa ƴaƴa maza da yawa na gida ɗaya suna Muhammadu, sai a ƙara wa kowa laƙabin da zai bambanta shi da ɗan'uwansa. Wani laƙabin na lissafi ne, kamar Lawal, Sani, Salisu, Rabi'u da Hamisu, wato na ɗaya har zuwa na biyar. Wani kuma na tunawa da wani babban mutum ne, kamar Buhari, Sanusi, Tukur da Bello. Saboda haka a asali "Muhammadu Bello" sunan mutum ɗaya ne, Bello ba sunan mahaifinsa ba ne.

Daga baya makarantar boko da takardun gwamnati suka buƙaci kowa ya kawo suna na biyu, sai Bello ya zama sunan gida a wasu wurare. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello misali ne: sunan mahaifinsa Ibrahim, an san shi da Ahmadu Raba a makaranta, Bello kuwa sunan kakan mahaifinsa ne na wajen uba ta layin sarautar Sakkwato.

Rubutun sunan ma yana sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa. A Najeriya ana rubuta Mohammed, Muhammad ko Muhammadu. A Nijar an fi ganin Mahamadou, Mohamed ko Mahamane. A baki kuma duk Mamman ne.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, 1781 zuwa 1837

Shi ne ya sa sunan ya bazu. Ɗa ne ga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya jagoranci mayaƙa a jihadin da aka fara a 1804, ya kafa birnin Sakkwato a 1809, ya kuma hau mulki bayan rasuwar mahaifinsa a 1817. Ya yi shekara 20 yana sarauta, ya rasu a Wurno a 1837, can kuma hubbarensa yake.

An fi saninsa da littafin tarihi Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812. A cikinsa ne ya kawo wasiƙun muhawarar da aka yi tsakanin shugabannin Sakkwato da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Barno a kan halaccin yaƙin. Al-Kanemi haifaffen Murzuk ne, a Fezzan, kudu da Sabha.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne yawan rubutunsa a fannin magani. Ya rubuta littattafai da Larabci a kan cututtuka ɗaiɗaiku: Masugul Lujaini a kan ciwon ido, Al-Ƙaulul Mansur a kan basir, da wani a kan amfanin ganyen filasko wajen wanke ciki. Ya dogara da hadisan da suka shafi magani da littattafan likitocin Musulunci na da, yana kuma kawo magungunan da ake iya samu a ƙasarsa. Ba likita ba ne irin na yau mai takardar jami'a. Malami ne da ya ɗauki lafiyar talakawa a matsayin wani ɓangare na aikin mai mulki.

Wannan sha'awa ta fito fili a lokacin da Bature Hugh Clapperton ya ziyarce shi. Ayarin su Clapperton ya taso daga Tarabulus a 1822, ya ratsa Fezzan, ya zauna a Murzuk wata da watanni kafin ya ƙetare Sahara zuwa Barno. Likitan ayarin, Walter Oudney, ya mutu kusa da Katagum a watan Janairun 1824, don haka Clapperton ya isa Sakkwato a watan Maris ba tare da shi ba. Cikin abubuwan da Bello ya nema daga Ingila har da a turo jakada da likita su zauna a ƙasarsa. Da Clapperton ya dawo karo na biyu, ya kawo masa littafin lissafin Euclid da Larabci. A wannan zuwan ne Baturen ya mutu a Sakkwato, a watan Afrilun 1827.

Muhammadu Bello Kagara, 1890 zuwa 1971

Wannan malami ne, marubuci, kuma alƙali. Kagara da ke cikin sunansa gari ne a jihar Neja ta Najeriya, wadda ba ta da alaƙa da Jamhuriyar Nijar sai kamannin suna. Ya koyar da Larabci da addinin Musulunci a Kwalejin Katsina, makarantar da Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi. Littafinsa Ganɗoki na cikin waɗanda suka fito daga gasar rubutun Hausa da aka shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, aka buga shi a 1934.

Bayan ya bar koyarwa ya koma aikin shari'a a Katsina, har ya zama Walin Katsina. Shari'arsa ta Musulunci ce bisa mazhabar Malikiyya, irin wadda ake koya a zaure a gaban malamai, a kotunan da ke ƙarƙashin sarki. A nan ne ake yawan rikita shi da mutum na gaba, domin dukansu alƙalai ne kuma dukansu Katsina ake danganta su da ita.

Mai shari'a Mohammed Bello, 1930 zuwa 2004

Haifaffen Katsina ne, ɗan Mutawallin Katsina Gidado. Shekara 40 ke tsakaninsa da Bello Kagara, kuma hanyar karatunsu ta bambanta ƙwarai. Shi ya tafi Landan ya karanta dokokin Ingila, ya zama lauya a Lincoln's Inn a tsakiyar shekarun 1950, a lokacin da lauyoyi ƴan Arewa ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ya dawo ya yi wa gwamnatin Jihar Arewa aikin lauya, ya zama majistare, ya yi ƙarin karatu a Harvard ta Amurka, ya riƙe ofishin mai gabatar da ƙararraki na Arewa, sannan ya zama alƙalin babbar kotu.

A 1975 aka ɗaga shi zuwa Kotun Ƙoli. A 1987 ya gaji Ayo Irikefe a matsayin Alƙalin Alƙalan Najeriya, ɗan Arewa na farko da ya hau wannan kujera, ya kuma riƙe ta har 1995. Shekarunsa takwas a kanta kusan duk a ƙarƙashin mulkin soja suka kasance, na Ibrahim Babangida da na Sani Abacha, lokacin da dokokin soja kan hana kotuna sauraron wasu ƙararraki. Wanda ya gaje shi, Muhammadu Lawal Uwais na Zariya, shi ma sunansa na bin wancan tsari na Muhammadu da laƙabi.

Mohammed Bello Adoke, haihuwar 1963

Lauya ne ɗan jihar Kogi, ba Bahaushe ko Bafulatani ba, abin da ke nuna nisan da sunan ya yi. Ya karanta shari'a a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya kammala a 1985, ya yi aikin lauya a Kano. Ya zama Antoni Janar kuma ministan shari'a na Najeriya daga 2010 zuwa 2015, a gwamnatin Goodluck Jonathan. Shi ne ya sanar a watan Oktoban 2012 cewa Najeriya ba za ta nemi Kotun Duniya ta sake duba hukuncinta na 2002 da ya ba Kamaru yankin Bakassi ba.

Sunansa ya daɗe a jaridu saboda shari'ar rijiyar mai ta OPL 245, wadda aka fi sani da Malabu. An tsare shi a Dubai a ƙarshen 2019, ya dawo Najeriya ya fuskanci tuhuma, kuma a 2024 kotuna a Abuja suka sallame shi. Duk wanda zai ba da wannan labari ya wajaba ya sa "Adoke" a jiki. Idan aka yanke shi aka bar "Mohammed Bello, tsohon babban jami'in shari'a", an jingina tuhuma ga marigayi Alƙalin Alƙalai wanda ya rasu shekaru da dama kafin a fara maganar.

Dokta Bello Haliru Mohammed, haihuwar 1945

A nan sunan ya juya, Bello ya zo gaba. Mutumin Birnin Kebbi ne, kuma "Dokta" da ke gaban sunansa na likitan dabbobi ne, karatun da ya yi a Zariya. Aikin gwamnati ne ya fi fito da shi: ya shugabanci hukumar kwastam ta Najeriya, wato duwan a bakin mutanen Nijar, daga 1988 zuwa 1994. Ya yi ministan sadarwa a gwamnatin Olusegun Obasanjo, ya riƙe shugabancin jam'iyyar PDP na wucin gadi a 2011, sannan ya yi ministan tsaro daga 2011 zuwa 2012.

Ma'aikatar tsaron ta sake samun wani mai irin sunan: Bello Mohammed Matawalle, gwamnan Zamfara daga 2019 zuwa 2023, wanda aka naɗa ƙaramin ministan tsaro a 2023. Akwai kuma Muhammad Musa Bello na Adamawa, wanda ya shugabanci hukumar alhazai ta Najeriya kafin ya zama ministan Abuja daga 2015 zuwa 2023. A sunansa Bello na gida ne, ba laƙabinsa ba.

Mai ƙirƙira: Mohammed Bah Abba, 1964 zuwa 2010

Shi ba Bello ba ne, amma idan aka taƙaita sunaye kamar yadda ake yi a jerin marubuta, shi da Adoke duk "M. B. A." suke fitowa. Malami ne a kwalejin kimiyya da fasaha ta jihar Jigawa da ke Dutse, kuma ya fito daga gidan maginan tukwane. A shekarun 1990 ya yaɗa dabarar sanyaya kayan lambu ba tare da wutar lantarki ba.

Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a zuba kaya cikin ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan yashin na tsatsowa ta jikin babbar tukunyar yana bushewa a iska, yana tafiya da zafin da ke ciki. Randa ta daɗe tana sanyaya ruwan sha ta wannan hanya. Gudummawar Abba ita ce mayar da ilimin ga tumatir, tattasai da gauta, da raba dubban tukwane a ƙauyuka da kuɗin aljihunsa. A gwajinsa gauta ta kai kwana 27 maimakon kwana 3. Ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000, mai ɗauke da dala 75,000. Dabarar ta fi aiki inda iska take a bushe, shi ya sa ta karɓu a Sudan, inda ake kiranta zir, kuma ta dace da yanayin Agadas da Sabha fiye da na Legas ko Kwatano.

Yadda za a rarrabe

Abu uku ke raba gardama: shekara, gari da sana'a. Idan maganar ƙarni na 19 ce, Sarkin Musulmi ake nufi. Idan alƙali ne na Katsina a zamanin Turawa, Bello Kagara ne. Idan Kotun Ƙoli ce kafin 1995, ɗan Mutawalli ne. Idan ma'aikatar shari'a ce bayan 2010, Adoke ne.

Matsalar ba ta tsaya a kan manyan mutane ba. A Libiya, kamar sauran ƙasashen Larabawa da dama, takardun hukuma kan nemi sunan mutum, da na mahaifinsa, da na kakansa, da na dangi. Bahaushen Sabha mai suna Muhammadu Bello ɗan Garba, idan bai lura ba, sai a rubuta Bello a gurbin uba, Garba a gurbin kaka. Takardar haihuwarsa ta Nijar na iya ɗauke da Mahamadou, fasfonsa Mohamed, takardar makarantar ɗansa kuma wani rubutun na Larabci. Wannan saɓani kan fito ne a lokacin da ba a so: wajen karɓar kuɗin da aka aiko, neman takardar komawa gida a ofishin jakadanci, ko rabon gado.

Mai irin wannan suna ya zaɓi rubutu ɗaya, wanda ke cikin fasfonsa ko katin ɗan ƙasa, ya tsaya a kansa a duk takardun da zai cika. Ya faɗa wa magatakarda a fili wanne ne laƙabinsa, wanne ne sunan mahaifinsa, ya kuma karanta abin da aka rubuta kafin a buga hatimi. Ɗan jarida ko mai fassara kuma kada ya yanke kashi na uku na suna don taƙaita kanun labari, domin Kagara, Adoke, Haliru da Matawalle su ne ke nuna wanda ake magana a kansa.